Dabbobi sun ƙaru a gandun daji, me ya sa har yanzu ake cewa irinsu na cikin haɗari?

Tambayar da aka aiko ita ce: an killace gandun daji, an hana farauta, ƙidaya ta nuna dabbobi sun ƙaru, amma masana sun nace sai an buɗe musu hanya zuwa wani daji ko a kawo musu baƙi, in ba haka ba irinsu zai lalace. Ina hujjar wannan? Su kuma tsirrai da ba sa barin inda suka tsiro, ta yaya suke gauraya da na nesa?

Ɗan'uwa, ka taɓo wurin da masu ƙidayar dabbobi da masu nazarin ƙwayoyin gado suka fi saɓawa. Mai ƙidaya kawunan da ya gani yake ƙirgawa. Mu kuwa abin da ke gabanmu shi ne, a cikin kawunan nan su wa suka haihu, da wa suka haihu, kuma yaushe rabon da wani baƙo ya shigo ya bar zuriya. Lissafin biyu kan yi nisa da juna ƙwarai, kuma na biyun ne ke yanke makomar garke.

Yawancin dabbobi da tsirrai masu yawa suna ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin dubban ƙwayoyin nan, kowane mai rai yana da wasu 'yan kaɗan da suka lalace. Galibi ba a ganin lahaninsu, domin kwafi na biyu lafiyayye ne, shi ke riƙe aikin. Sai lalatattu biyu iri ɗaya sun haɗu a jiki guda lahanin ke fitowa. Tun 1908 Hardy, masanin lissafi ɗan Ingila, da Weinberg, likita Bajamushe, kowa a gefensa, suka nuna yadda ake lissafa wannan. Idan garke babba ne kuma barbara na gudana tsakanin waɗanda ba dangi ba, lalatacciyar ƙwayar da take ɗaya cikin 100 za ta gamu da irinta a jariri ɗaya kacal cikin 10,000. To amma ka ɗauki uba guda mai ɗauke da ita a ɓoye, ɗansa da 'yarsa su yi barbara. Yiwuwar abin da suka haifa ya sami kwafi biyu nata ta koma ɗaya cikin 16. Kuma ba ita kaɗai ke ɓoye a jikin kakan ba. Abin da ke biyo baya shi ne ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa, ɓarin ciki, jarirai marasa ƙwari, maniyyi mai rauni. Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ga hakan a lambunsa tun ba a san ƙwayar gado ba. A 1876 ya wallafa sakamakon gwajin shekaru, inda ya nuna cewa a tsirrai da dama, waɗanda aka haɗa da garin furen wani sun fi waɗanda suka haɗu da nasu tsayi da nauyi da yawan iri.

A 1931 wani masani Ba'amurke, Sewall Wright, ya kawo ma'aunin da har yau muke aiki da shi, wanda za mu iya kira adadi mai tasiri. Ka ce akwai dabbobi baligai 100, maza 50 mata 50, kowa yana samun rabonsa na haihuwa. Adadinsu mai tasiri kusan 100 ne. Yanzu ka ɗauki irin dabbar da ƙaƙƙarfan namiji ke mallake mata, maza 5 ne suka yi wa mata 95 barbara. Ana ninka 4 da yawan maza da yawan mata, a raba da jimillarsu, sai ka sami 19. Dalilin a fili yake: rabin gadon kowane jariri daga uba yake, ke nan rabin gadon tsara mai zuwa gaba ɗaya ta jikin kawuna biyar ya biyo. In namiji ɗaya ne tal, ko mata dubu gare shi, lissafin ba zai kai 4 ba.

Hawa da saukar yawa ma na cin nasa rabon. Garken da ya yi tsara biyu yana 1,000, annoba ta mai da shi 10, sannan ya koma 1,000 na wasu tsara biyu, adadinsa mai tasiri a tsawon lokacin nan 48 ne. Mummunar tsarar nan ɗaya ita ce ta rinjayi sauran huɗun. Da masanin ƙwayoyin gado Richard Frankham ya tattara alƙaluman dabbobi da tsirran daji a 1995, ya tarar adadi mai tasiri a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin goma ne na kawunan da ake ƙirgawa. Saboda haka in an ce maka gandu yana da dabba 300, ka sa a ranka mai yiwuwa da 30 kake magana.

Ƙanƙantar wannan adadi tana jawo wata asara da ba ruwanta da kyau ko munin ƙwayar gado. A ce wani nau'in ƙwaya mai ba da juriyar wata cuta yana jikin dabbobi uku kawai. Ɗaya zaki ya cinye ta tun tana ƙarama, ɗaya fari ya kashe ta, ta ukun ta haihu amma ɗaya kwafin ne ya tafi ga ɗanta. Shi ke nan, nau'in ya tafi, ba da laifinsa ba. A kowace tsara garke na asarar kashi ɗaya bisa ninkin biyu na adadinsa mai tasiri daga bambancin gadon da ya rage masa. Mai 100 yana rasa kusan kashi 5 cikin ɗari a tsara goma. Mai 19 ɗin nan yana rasa kusan rubu'i. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa don yawa ya ƙaru, domin sabon nau'in ƙwaya ta hanyar sauyin da kan faru da kansa a cikin ƙwayar gado yake fitowa, wanda kan ɗauki dubban tsararraki kafin ya taru. Daga nan ne ƙa'idar 50 da 500 ta fito a 1980, a rubuce-rubucen Ian Franklin da Michael Soulé: adadi mai tasiri 50 don kauce wa lahanin barbarar dangi a kusa, 500 don riƙe bambanci na dogon lokaci. A 2014 Frankham da abokan aikinsa suka ce a ɗaga zuwa 100 da 1,000. Ka tuna da kashi ɗaya cikin goman can, sai ka ga ana maganar dubban kawuna ne. Gandun daji kaɗan ne a duniya ke iya ɗaukar zakuna ko giwaye masu wannan yawa shi kaɗai.

A nan shigowar baƙo ke da muhimmanci, kuma abin da lissafin Wright ya nuna yana da ban mamaki. Baƙo ɗaya a kowace tsara, wanda ya shigo ya haihu, ya isa ya hana rukunai su rabu da juna sosai, kuma girman rukunin bai canza wannan ba. A ƙaramin rukuni asara tana da sauri, amma baƙo ɗaya babban kaso ne na jama'ar. A babban rukuni baƙo ɗaya ba ya bayyana, amma asarar ma tafiyar hawainiya take yi. Kamar tafki ne da rana ke ƙafarwa, ɗan siririn rafi yana zuba a ciki: ba sai ambaliya ba, rafin dai kada ya yanke. A kan ma'aunin bambanci tsakanin rukunai, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1, baƙo ɗaya a kowace tsara yana tsayar da shi a 0.2. In sai bayan tsara goma ake samun ɗaya, ya haura 0.7. Lissafin an gina shi ne a kan yanayi mai tsabta da babu irinsa a daji, shi ya sa a 1996 Mills da Allendorf suka ce a aikace a nemi tsakanin ɗaya zuwa goma. Ni ma da na sama nake aiki.

An gwada wannan a fili. A farkon shekarun 1990 fumar Fulorida, babbar kyanwar daji mai girman damisa, ba ta wuce 20 zuwa 30 ba, a maƙale a kudancin jihar Fulorida ta Amurka, birane da tituna sun raba ta da 'yan'uwanta. Likitocin da ke kama su suna duba su sun riƙa ganin abu ɗaya: ƙarshen wutsiya a karye, gashin gadon baya a murɗe, huda a zuciya, maza da yawa ɗaya daga marainansu bai sauko ba, maniyyin kuma mafi yawansa gurɓatacce. A 1995 aka kawo mata takwas daga Teksas aka saki. Biyar daga cikinsu suka haihu. Cikin shekara goma sha biyar yawan ya ninka uku, bambancin gado ya ninka biyu, alamun nan suka ragu a jikin 'ya'yan gaurayen. A Smygehuk da ke kudancin Suwidin, wani rukunin macizai dangin kububuwa da gonaki suka kewaye ya riƙa haihuwar matattu da naƙasassu. A 1992 aka kawo maza 20 daga wani babban rukuni, aka bar su 'yan shekaru. Haihuwar matattu ta faɗi, yawansu ya tashi.

Amma labarin da na fi so mai killace daji ya sani shi ne na kyarketan tsibirin Royale na Amurka, a tafkin Superior, domin ya nuna iyakar wannan magani. Tsibirin yana da nisan kimanin kilomita 24 daga gaɓar Kanada. Kyarketai sun isa can a ƙarshen shekarun 1940, sun tako ƙanƙara lokacin da tafkin ya daskare, kuma tun 1958 ake bibiyarsu kusan kowace shekara. A 1980 sun kai 50, cuta ta shiga, a 1982 suka koma 14. Duk zuriyar 'yan kawuna kaɗan ce, kuma ƙasusuwan da aka tsinta sun nuna naƙasar ƙashin baya ta yaɗu a cikinsu. A 1997 wani namiji ya tsallako daga Kanada. Ba wanda ya san baƙo ne a lokacin. Sai bayan mutuwarsa aka gane, daga kashin kyarketai da masu bincike suka yi shekaru suna tsinta suna adanawa, da aka ga wasu nau'o'in ƙwayar gado da babu su a tsibirin kafin zuwansa. Ya fi 'yan gida girma da ƙarfi, 'ya'yansa ma haka. Cikin shekara goma sama da rabin gadon kyarketan tsibirin nasa ne. To a nan ne maganin ya juye. Da yake shi kaɗai ne ya zo, kuma ɗumamar yanayi ta sa tafkin ya rage daskarewa, bayan 'yan shekaru ya koma yana barbara da 'yarsa, zuriyarsa suna yi da juna, lalatattun ƙwayoyin da shi ma ya zo da su suka fara haɗuwa. A 2016 kyarketai biyu suka rage, uba da 'yarsa, waɗanda kuma uwarsu ɗaya. Dole hukumar gandun dajin Amurka ta kwaso 19 daga waje tsakanin 2018 da 2019. Baƙo ɗaya a kowace tsara Wright ya ce, tsarar kyarkeci kuwa shekara huɗu ce ko biyar. Ɗaya a shekara hamsin jinkirta rushewa kawai ya yi.

Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai: tsallakawa daban, barin zuriya daban. A Kalifoniya an sa wa kyanwoyin daji da wasu dabbobi dangin dila na'urar bibiya a gefen wata babbar hanyar mota kusa da Los Angeles, aka ga da dama suna tsallake ta. Da aka duba ƙwayoyin gadonsu a binciken da ya fito a 2006, sai ga ɓangarorin biyu sun bambanta kamar an yi katanga. Masu tsallakawa suna tarar da gefen titin cike da masu yankuna, ba su samun wurin zama balle abokin barbara. Shi ya sa a wurinmu kyamara da ta ɗauki dabba a kan gadar namun daji ba ta gama ba da shaida ba. Muna ɗaura waya mai ƙaya a jikin itacen da dabba ke soshe-soshe, mu tsinci silin gashi da ɗan farin tushensa, mu sa a takarda busasshiya, mu kwatanta da na jariran ɗaya ɓangaren. Ranar da muka sami jariri a arewa wanda ubansa haifaffen kudu ne, ranar gadar ta fara aiki. An sami irin wannan shaida a kan beyar a gandun Banff na Kanada.

Su wa ke tafiyar ma abin dubawa ne. A 1980 Paul Greenwood ya nuna cewa a yawancin dabbobi masu shayarwa namiji ke barin gida in ya balaga, mace ta zauna kusa da uwarta, a tsuntsaye kuwa galibi mace ke fita. Muna iya ganin sawun wannan domin akwai wani ɗan ɓangaren gado da ta uwa kawai ake gadonsa. Koren kunkurun teku da ke ƙwai a tsibirin Ascension, tsakiyar tekun Atlantika, yana kiwo a gaɓar Brazil tare da na Suriname, nisan sama da kilomita 2,000 daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Duk da wannan cuɗanya, gadon uwa na rukunan biyu daban yake, domin kowace mace gaɓar da aka haife ta take komawa ta yi ƙwai. Maza kan haɗa rukunai ta hanyar barbara, amma namiji ba ya kafa sheƙa. In aka ƙarar da matan wata gaɓa, kada a zauna jiran maƙwabta su cike gurbin.

Yanzu ga tsirrai. Tsiro yana da hanyar tafiya biyu: bununi, wato garin nan na fure mai ɗauke da rabon uba, da kuma iri. Bununi iska ke ɗaukarsa, ko ƙudan zuma, ko tsuntsu, ko jemage. Iri kuma iska, ruwa, ko cikin dabbar da ta ci 'ya'yan itacen. Bununi rabin gado yake kaiwa, kuma sai inda akwai irinsa yake da amfani. Iri shi ke kai cikakken tsiro sabon wuri.

Ɓaure shi ne misalin da ba na gajiya da bayarwa. Ɗan ɓaure jaka ce rufaffiya, furanni ɗaruruwa ne jere a cikinta, ƙofarta kuma wata 'yar huda ce a ƙasa. Wata ƙwaruwa dangin zanzaro, wadda tsawonta bai wuce milimita biyu ba, ita ke kutsawa ta wannan huda. Matsin wurin kan tsinke mata fukafukai, don haka shiga ce ba fita. A ciki take zuba bununin da ta ɗauko, ta sa ƙwai a wasu furannin, ta mutu. Bayan makonni mazan 'ya'yanta, marasa fukafukai, su fara fitowa, su yi wa matan barbara, su huda musu hanya. Matan su cika wasu 'yan aljifai da ke ƙirjinsu da bununi su tashi. Kwana ɗaya ko biyu suke da shi a duniya, kuma 'ya'yan bishiya guda galibi tare suke nuna, ke nan dole su nemi wata bishiyar da nata ke shirye. A bakin kogin Ugab da ke hamadar Namib a Namibiya, inda ɓaure ke tsaye ɗaiɗai a layin kogi, masu bincike sun ɗauki ganyen bishiyoyin, suka yi wa 'ya'yansu gwajin gano uba. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna matsakaicin nisan uba da uwa kusan kilomita 88 ne, mafi nisa kuma 160. Akasarin tafiyar daga gabas zuwa yamma ce, bisa iskar dare. Ƙwaruwar tana tashi sama ne iska ta ɗauke ta, ƙamshin bishiya ya sauko da ita. Saboda haka ɓauren da ka gani shi kaɗai a fili mai yiwuwa uba ne ga 'ya'yan wata bishiya da ke bayan duwatsu. An ga makamancin haka a Amazon, inda manyan itatuwan da aka bari tsaye a makiyaya suka riƙa karɓar bununi daga nisan da ya kai kilomita 3.2 ta hannun ƙudan zuma. Ina ganin sare irin waɗannan ɗaiɗaikun itatuwa, da sunan ai ba daji ba ne, yana daga cikin ɓarnar da aka fi raina girmanta.

A itatuwan ok na Turai an auna hanyoyin biyu gefe da gefe. Gadon uwa, wanda iri kawai ke ɗauka, har yau yana nuna hanyoyin da itatuwan suka bi daga yankin Sifen, Italiya da Balkan bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin nahiyar, kamar yadda nazarin dazuzzuka sama da 2,600 ya nuna a 2002. Sauran gadon kuwa, wanda bununi ke yawo da shi, a gauraye yake a faɗin nahiyar. An ƙiyasta gudummawar bununi ta ninka ta iri kusan sau 200.

Tsirrai da yawa suna da wata mafita da dabbobi kaɗan ke da ita: su haɗu da kansu. Ribar a bayyane take, tsiro ɗaya da ya faɗa sabon wuri zai iya kafa zuriya ba tare da jiran kowa ba, abin da Herbert Baker ya lura da shi a 1955 game da tsirran da ke mamaye tsibirai. Kuɗin da ake biya shi ne, a kowace tsara rabin wuraren da kwafi biyun suka bambanta suna komawa iri ɗaya, bayan tsara bakwai abin da ya rage bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Tsirran da suka daɗe a wannan hanya sun riga sun zubar da mafi munin lalatattun ƙwayoyinsu, don haka ba ta kashe su. Sai dai bambancinsu yana rarrabuwa wuri-wuri: kusan rabinsa tsakanin rukunai yake, alhali a masu haɗuwa da wasu kaso kaɗan ne. Mai tara iri don adanawa ya lura da wannan. Ga masu haɗuwa da kansu, ya yawaita wurare. Ga sauran, ya yawaita bishiyoyi a kowane wuri.

Wasu kuma jikinsu yana ƙin nasu bununin da na duk wanda ke da alamar gado irin tasu. Wannan kariya ce mai kyau a babban rukuni, a ƙarami kuwa tarko ce. Wani fure mai ruwan ɗorawa a jihar Illinois ya ragu har 'yan tsirran da suka saura duk alamarsu ɗaya. Suna fure, ƙwari suna zuwa, amma shekaru ba iri ko ɗaya. Da aka haɗa su da na jihar Ohio, sai ga iri. Mai ƙidaya da zai zo wurin zai rubuta cewa tsirran suna nan lafiya.

Kada ka ɗauka kowace gauraya alheri ce. A tsohuwar mahaƙar dalma da tutiya ta Trelogan a yankin Wales, wata ciyawa ta samu juriyar gubar ƙasar, 'yar'uwarta da ke makiyaya 'yan taku kaɗan daga wurin ba ta da ita. Iska tana kai bununi ɓangarorin biyu, amma ƙasar mahaƙar tana kashe duk tsiron da bai gaji juriya ba. Janis Antonovics da Anthony Bradshaw sun nuna wannan tun wajen 1970, har da cewa ciyawar mahaƙar ta koma yin fure da wuri, abin da ke rage mata karɓar bununin maƙwabta. Inda yanayi ke tacewa da ƙarfi haka, bambanci yana tsayawa duk da cuɗanya. Inda baƙi suka yi yawa fiye da yadda yanayi zai tace, gadon gida ne ke nutsewa. A kogin Burrishoole na Ailan an gwada kifin salmon na gona da na daji: nasarar na gona daga ƙwai zuwa dawowa haihuwa kashi 2 ce cikin ɗari ta na daji, gaurayensu kuma tsakanin 27 da 89. Kifin gona da ke tserewa daga keji kowace shekara yana rage ƙarfin na kogi ke nan. Kyanwar dajin Sikotilan ta gauraya da ta gida har da ƙyar ake samun tsantsarta, kuma an sami gaurayen kyarkecin Habasha da karnuka a tsaunukan Bale.

Tsoron wannan ya sa hukumomi da yawa suna ƙin haɗa rukunai, kuma a ganina tsoron ya wuce kima. Akwai tambayoyin da ke raba gardama. Jinsi ɗaya ne, tsarin gadonsu bai saɓa ba? Suna cuɗanya da juna a cikin shekara 500 da suka wuce, kafin mutum ya raba su? Muhallinsu ya yi kama? In amsar duka e ce, haɗarin kaɗan ne. Da Frankham ya tattara gwaje-gwaje 156 a 2015 na ƙananan rukunan da aka kawo wa sabon jini bisa irin waɗannan sharuɗɗa, sama da kashi 90 cikin ɗari sun amfana. Rukunin da titi ko gona ta raba da 'yan'uwansa shekara tamanin da suka wuce ba wani iri ne na musamman da za a tsare tsarkinsa ba. Bambancin da ake gani a jikinsa sau da yawa tabon asara ne kawai.

Akwai dai waɗanda suka tsira duk da ƙarancin bambanci, kuma adalci ne a faɗa. Giwar teku ta arewa, ƙatuwar dabbar nan ta gaɓar Meziko da Kalifoniya, mafarautan mai sun ƙarar da ita har saura 'yan gomomi a tsibirin Guadalupe a ƙarshen ƙarni na 19. Yau ta haura 200,000. A 1974 an duba wurare 24 na gadonta ba a sami bambanci ko a ɗaya ba. Abin da ya taimake ta shi ne ba ta daɗe a ƙanƙance ba, da aka daina kisa teku a buɗe take, abinci na nan. Dabbar da ke cikin shinge ba ta da wannan dama, tsara bayan tsara tana nan a ƙanƙance.

Game da itatuwa akwai wani jinkiri da ke yaudarar masu bincike kansu. Bishiyar da ta shekara 200 an haife ta ne lokacin da dajin yake haɗe. In ka ɗebi ganyen manyan itatuwa a guntun dajin da ya saura, za ka ga bambanci mai yawa, ka ce ba abin da ya faru. Gadon dajin da ya riga ya tafi kake aunawa. Ka sunkuya ƙasa ka ɗebi ƙananan da suka tsiro bayan an sare kewaye, ka tara 'ya'yan kowace uwa a jaka daban, ka ƙirga ubanni nawa ne suka ba su bununi, nawa ne daga wajen guntun, nawa ne kuma uwar ce ta haɗu da kanta. Haka a dabbobi masu tsawon rai irin su giwa da kunkuru, samfurin da za ka fi ba nauyi shi ne na waɗanda aka haifa bayan an kafa shingen.